Sumar Nooroa

Canberra, watan Mayu

Zuwa ga maigidana Teokotai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ɗanmu Nooroa da mahaifiyarka Mama Ruta. Yaya ƙafarta? Aladun maƙwabta sun bar gonar gwaza ta huta? Ni lafiya lau, sai sanyin garin nan da ba ya jin magana.

Na san za ka ɓata rai, amma ina roƙon a sake ɗaga bikin askin Nooroa. Masu tantance maƙalata sun dawo da ita, wai in sake lissafin tun daga tushe. Ka kuma san bayanan bankunan nan ba sa fita daga ɗakin da aka kulle su. Ko waya ba a shiga da ita. Izinina na shiga ɗakin zai ƙare a Satumba, kuma Farfesa Halloran, mai duba aikina, ya ce wanda ya bari nasa ya wuce, sai ya yi furfura kafin ya samu wani.

Karo na uku ke nan, na sani. Amma ni na fara kitsa sumar yaron nan tun yana rarrafe. Ba zan jure a ɗaure ta tsagi-tsagi da ƙyalle, danginmu na tsibirin Atiu kaf su yanka bisa al'ada, ban da ni ba. Ina kewar ƙanshin man kwakwa a kansa ranar Lahadi, yana zille-zille, yana cewa na fi kowa mugun hannu.

Ka gaishe mini da kowa.

Matarka,
Moeroa

Canberra, watan Yuni

Baban Nooroa,

Ina gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Yaya tarin da ka ce yana damunka?

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a tsaye. Ban san Nooroa ya daina zuwa ƙwallon zari-ruga ba, ban kuma san cewa abokan wasansa da kitson suke fizgo shi ƙasa ba. Sa'o'insa duk an yi musu askin, shi kaɗai ya rage. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ya ce kada ka gaya mini. Saƙon Mama Ruta ma na ji, wai a tambayi mai gadin bankunan duniya ko almakashi ma sai ya jira izini. Ka ce mata bakinta dai bai tsufa ba.

Ka san abin da nake gani kullum a ɗakin nan? Banki ya ba da rance ya lalace, maimakon ya karɓi asarar, sai ya yi ta ƙara wa'adi don kada a ga ɓaraka. Asarar ba ta zuwa ko'ina, girma take yi, kuma ba manajan ke ɗaukarta ba, masu ajiya ne da ba su ci ba ba su sha ba. Babi guda na rubuta a kan haka, ina ta yi musu tsiya. Jiya na sake karantawa, sai kunya ta kama ni.

A yi bikin a Yuli, kada a jira ni. A lulluɓe kujerarsa da bargon da na ɗinka. Tsagina kai za ka yanke mini, na bayan kunnen hagu, inda ya fi cukurkuɗewa.

Taka,
Moeroa

Canberra, watan Yuli

Teokotai nawa,

Sannunku da hidima, yaya gajiyar biki? Allah ya huta gajiya.

Ambulan ɗin da ka aiko ya zo. Na buɗe shi a gindin matakalar ofis, sumar ta zubo mini a cinya da jan ƙyallenta, har yanzu da sauran ƙanshi. Ban shiga ɗakin bayanai ba ranar, kuma ban yi nadama ba. Farfesa ya dube ni, ya dubi hannuna, ya wuce.

Na gode da hoton ƙungiyar ƙwallon. Na ji daɗi da ya koma, na ga dukansu suna dariya. Amma zan gaya maka gaskiya, kai kaɗai. Na bi fuskokin yaran nan ɗaya bayan ɗaya, na kai ƙarshe, na dawo farko, ban gane shi ba. Sai da na juya bayan hoton na ga ka rubuta: na biyu daga dama.

Idan ya tambaya, ka ce masa ina kallo na gane shi.

Mai kewarku,
Moeroa