Haƙorin da Na Bari a Ƙofar Gidan Amarya

Zuwa ga Ustad Bashiruddin,

Don girman Allah ka agaje ni da shawara, tun kafin in aikata abin da zai sa iyalina su riƙa kai mini gurasa gidan yari. Da bakina nake son in faɗa maka, to ɗinki biyar ne a leɓena na sama, sai dai rubutu.

Shekarata talatin da takwas ina busa ƙaho a badujalar biki a nan Hapur, ƙahon tagulla mai maɓalli uku, irin wanda ka busa kana soja. Ka san aikin. A saka jar riga mai nauyin buhu, a ɗora ango kan farar goɗiya, mu muna gaba, abokansa suna tsalle kamar an zuba musu barkono a wando, har ƙofar gidan amarya. Duk shekarun nan da bakin ƙaho guda nake busa, ɗan ƙarfen nan da ake ɗora wa leɓe, wanda na gada wurin mahaifina. Ƙoƙonsa bai fi zurfin farce ba, gefensa kuwa kaifi. Irinsa titi yake so, yana tsaga ganguna da ƙarar injin wuta ya shige kunne kamar ƙusa. Ni ma ya tsaga ni, don kantar da ke leɓena ta girmi babbar 'yata.

Wata Alhamis na je Mirat gyaran maɓalli wurin Nanne Khan maƙeri. Muna shan shayi sai ya miƙo mini wani baki mai zurfin ƙoƙo, ya ce, "Baba, gwada wannan, ka ji muryar ƙahonka idan ba a shaƙe masa wuya ba." Na busa. Ustad, na rantse ban san ƙahon nan ba sai ranar. Murya ce mai kauri da ɗumi, kamar ta babban mutum yana magana a cikin ɗaki. Tana kuma lanƙwasuwa, in zame daga wannan sauti zuwa wancan yadda mawaƙa suke yi, abin da tsohon bakin bai taɓa yarje mini ba. Na juya baya na share ido, na ce hayaƙin maƙera ne. Na saya.

Ran Asabar muna da biki, na ɗaura shi na tafi.

A garinmu, idan ayarin ango ya isa ƙofar amarya, ganguna duka sukan yi tsit, mai ƙahon gaba shi kaɗai ya ɗaga kira mai tsini sau uku. Da wannan kiran dangin amarya suke auna mutanen ango. Shekara ashirin ni nake yin sa. Ranar nan da la'asar na ɗaga ƙaho, na farko ya fito a kwance. Na biyu ya tsage a tsakiya kamar akuyar da aka taka wa ƙafa. Matan da ke kan soro suka kwashe da dariya.

Sai ga kawun ango, wani Balbir mai gidan gasa bulo, wanda tun azahar yake shan giya. Ya ce, "Kai tsoho, busa muka ɗauko ka ko tusa?" Na yi kamar ban ji ba, na ja numfashi don na uku. Ƙahon yana bakina Balbir ya sa tafin hannu ya doki gabansa da duk ƙarfinsa. Ƙarfen ya huda leɓena ya tarar da haƙori. Na ji ƙarar karyewarsa a cikin kaina. Na tofar da rabinsa a ƙasa, jini kuwa ta cikin ƙahon ya bi ya ɗigo.

Daga nan ba ni ne na yi ba, hannuna ne. Na juya ƙahon na sauke masa a ka. Rawaninsa ya ceci ƙoƙon kansa, kunnensa ne bai sami mai ceto ba, ya rabu biyu. 'Ya'yansa suka rufe ni da duka, suna tattaka ni a haƙarƙari. Kallu mai babbar ganga ya kifa wa ɗayansu ita har wuya. Kujeru suka fara tashi sama, aka karya wa wan amarya hannu alhali rabon faɗa ya shigo yi. Goɗiya ta firgita ta kwashi ango, sai a kasuwar kayan miya aka tsinto shi.

Abin da ya fi haƙorin zafi ya zo bayan nan. Shamshad, mai badujalar, wanda ni na koya masa riƙon ƙaho, ya shara mini mari a kan raunin, gaban jama'a. Ya ce, "Ko ka koma tsohon bakinka, ko ka tuɓe mini rigata." A gida matata tana gasa mini jiki tana cewa, "Baban Firdos, kai da ka tafi neman murya mai daɗi, ga shi ko shayi sai da cokali."

Ga inda nake son ka ji ni da kyau. Na san rumfar da Balbir yake karya kumallo kusa da gidan bulonsa. Sau biyu ina zuwa da guntun rodi naɗe a mayafi, in tsaya tsallaken titi ina kallon ƙeyarsa, in dawo. Ban tabbata a zuwa na uku zan dawo haka nan ba. In na rufe ido haƙoransa nake gani a ƙasa, ina ƙirga su. Shin laifin bakin nan ne? In jefa shi kwata? To amma kunnen da ya ji waccan muryar ya ƙi komawa ga ƙusa. Saura kwana goma sha ɗaya biki na gaba.

Mai tsagaggen leɓe, Hapur.

AMSA

Ɗan'uwana,

Rodin nan tukuna. Yau ɗin nan ka ba uwar Firdos ta tokare ƙofa da shi, kuma ka daina bin titin gidan bulo ko da can ne hanyar asibiti. Balbir ya zalunce ka. Duk wanda ya taɓa busa ya san dukan ƙaho yana bakin mutum daidai yake da dukansa da guduma. Amma ka riga ka karɓi kunne a madadin haƙori, cikin zafin rai, jama'a suna shaida wanda ya fara. Wanda za ka yi da safe, bayan ka tsaya ka auna ƙeyar mutum, wani suna gare shi a wurin alƙali, kuma kai kaɗai za ka amsa shi. Ka tura dattawan unguwarku biyu su sami nasa dattawan a kashe maganar, a haɗa da ban haƙuri ga mai karyayyen hannu, wanda ku duka biyun kuka manta da shi.

Bakin ƙaho kuwa ba shi da laifi. Kai ne ka auro shi ran Alhamis ka kai shi yaƙi ran Asabar. Ƙoƙo mai zurfi yana ba ka kauri da lanƙwasa, ya karɓe tsini da sautin sama, har sai leɓe ya yi sabon ƙarfi, abin da ke ɗaukar mako shida ko fiye. Tsohon bakin shi ke ɗauke maka rabin aikin kiran nan ba ka sani ba. Don haka Shamshad yana da gaskiya a abu ɗaya: titi tsini yake so. Marin malaminsa kuma nasa abin kunyar ne, zai daɗe yana jin sa.

Ka manta da kwana goma sha ɗaya. Bayan an cire zare, ka ƙara mako uku ƙarfe bai taɓa leɓen nan ba. Ka je likitan haƙori ya gyara guntun da ya rage, in ba haka ba shi zai riƙa yanka ka ta ciki duk busa. In ka warke, ka koma wurin Nanne Khan ya yanka maka wani mai matsakaicin zurfi don titi, gefensa mai faɗi, dasasshe, daidai da na mai zurfin, yadda leɓe ba zai san an sauya ba. Kada ka bari ya buɗa maƙogwaronsa da yawa, ƙirjinmu ba na 'yan ashirin ba ne. Wurin gwaji, ka fara da dogon sauti a hankali, sannan zamiya, sama kuwa sai ƙarshe, kuma ka tsayar da wani a nesa ya gaya maka abin da ya iso kunnensa. Na mahaifinka ka naɗe shi ka adana, ya gama aikinsa.

Kiran ƙofa ka bar wa wani mai sabon leɓe, ka faɗa wa Shamshad da bakinka kafin shi ya faɗa. Ka nemi wani wurin a madadinsa: safiyar da ake fitar da amarya daga gidan ubanta, ganguna sun yi sanyi, uwa tana riƙe da ƙofa ta kasa saki. Yawancin badujala ihu suke yi wa mutanen nan don ba su da wata muryar. Kai yanzu kana da ita, kuma ba a busa ta daga gidan yari.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya sa ka daɗe kana busa.

Ustad Bashiruddin