Kwanon Baba

Litinin, 3 ga Maris
Sun shiga da Baba tiyata da hantsi. Hanji ne ya murɗe. Kwana uku yana cewa iska ce kawai, ni kuma na biye masa. Ni na sa hannu a takardar, ko karantawa ban yi ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Zazzaɓi, ciki ya kumbura tim. Likita ta ce ɗinkin hanjin ya saki, ƙazanta na zuba a ciki. An sake komawa da shi.

Asabar, 8 ga Maris
Ya fito da jaka manne a gefen ciki. Ta nan bayan gida zai riƙa fita, sai ya yi ƙarfi a mayar da hanjin. Baba, mai tsaftar tsiya! Ya ɗaga riga ya duba, ya juya fuska bango.

Laraba, 12 ga Maris
Nas ta koya min zubar da jakar. Nas biyu ne kawai a ɗaki mai gado ashirin, dole sai ni. Yaya kuwa daga waya yake ba da umarni, baki ba ya gajiya. Na daure, amma warin ya buge ni, na yi yunƙurin amai. Baba ya gani. Da ma ƙasa ta tsage in shige.

Lahadi, 16 ga Maris
Kwana huɗu kwanon abincinsa na dawowa tas, ina ta murna. Ashe tsohon da ke gadon kusa yake miƙa wa. Tsohon ne ya tona: "'Yata, ni ina ƙiba, mahaifinki na ramewa."

Litinin, 17 ga Maris
Na tambaye shi. Ya ce, "In ban ci ba, jakar ba ta cika. Ni na share miki kashi, ba ke za ki share min ba."
Na ce wallahi ba ya damuna.
"Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba."

Alhamis, 20 ga Maris
Bakin ɗinkin ya fara buɗewa. Likita ta ce nama ba ya haɗewa da yunwa, ƙarin ruwa kaɗai ba zai riƙe shi ba. Na roƙa, na yi kuka, na yi faɗa, na haɗa shi da Allah. Cokali biyu ya ci. Tsoro nake ji.

Talata, 25 ga Maris
Agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu. Mun sha hira yau, har ya yi dariya. Ban roƙe shi ba, gajiya ce kawai, gobe zan roƙa. Sai a wurin wanke-wanke na lura ƙaramin kwano na kawo masa. Ban san ranar da na daina ɗauko babban ba.