Dutsen Sabis

Daga gida, gefen Tafoki

Zuwa ga maigidana ragon maza, Abdulgafar,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Zariya. Tun da aka yanke layin waya saboda 'yan bindiga na koma ga biro. Rubutun yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya kwanta ka tada shi da kanka. Malam Sha'ibu direban masara zai kawo maka.

Lafiya dai da sauƙi. Ranar kasuwa 'yan bindigar sun shigo bisa babura, suka iske Malam Mamuda cikin gonar dawa, suka yanka shi a gaban ɗiyanshi, suka kora shanun noma. Jinin har bisa zangarniya. Allah ya jiƙan shi.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro abokinka ne, Mas'udu na ruga. Ciwon da ka sa mashi tun kuna yara bai warke ba. Ka tuna ku uku, kai da shi da Harisu ɗan Baba Badamasi, da kuka yanke gindin kwandona sabo kuka kafe shi jikin darbejiya, wai ku ne dogayen Amurka masu ƙwallon kwando? Na bi ku da muciya har bakin rafi. To kai ka yi tumbi ka manta, Harisu ya zama babba cikin 'yan sa-kai masu tsaron gari, shi kau Mas'udu yana nan. Kullum da hantsi sai ya hau dutsen bayan gari, inda ake ɗan samun sabis, da wayar nan da ka ba shi, ya kalli ƙwallon kwando. Ya sauko ya ba ni labari: "Iya, masu rawayar riga sun sha kashi!" In ce to Allah ya ƙara masu.

Sai dai mutane sun fara kallon shi. Sun ce ba mai hawa dutsen nan kullum sai mai kai rahoto daji. Kuma ka san ɗan ruga ne. Na yi mashi magana, dariya ya yi. Kai ka rubuto, ƙila ya ji taka.

Taka har ka samu mai haƙora,
Hajiya Barakatu

*

Zariya

Zuwa ga Iya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na yi baƙin cikin rasuwar Malam Mamuda. A yi mini ta'aziyya ga iyalansa.

Iya, ban manta ba, daina kallo kawai na yi. Na tuna gidan kallo na Ƙanƙara. In an gama ƙwallon ƙafa kowa ya watse, sai mai gidan ya bar mana tashar ƙwallon kwando mu share masa ɗaki. Mu zauna a ƙasa baki buɗe, muna ganin mutum ya tashi sama kamar an ja shi da igiya. Har ƙarar takalmansu a kan katako muke kwaikwayo da baki. Ni ne dogo, Harisu ne mai wayo, amma hannu na Mas'udu ne. Daga bakin rijiya yake jefawa ta shiga. A lokacin na yi imani da zuciya ɗaya cewa wata rana za a kira sunayenmu a lasifika. Yanzu gyaran waya nake yi a bakin tasha, in na ji ƙarar wasan daga shagon maƙwabci sai in tura ƙofar shagona.

Ki ce masa na roƙe shi ya bar hawa dutsen. Zan tara masa wasannin in aiko da su ta hannun Malam Sha'ibu, ya kalla a ɗaki.

Jikanki mai biyayya,
Abdulgafar

*

Daga gida

Abdulgafar,

Sallama a gaggauce. Takardarka ta iske an riga an kama Mas'udu.

'Yan bindiga sun sake shigowa, wannan karon kai tsaye gidan Baba Badamasi, kamar an nuna masu ƙofa. Suka harbe shi a zaure, suka sa wa rumbuna wuta, suka tafi da matan gidan. Ana dawowa daga maƙabarta wani ya ce, "Jiya ma na ga ɗan rugar nan bisa dutse." Shi ke nan. 'Yan sa-kai suka jawo shi daga cikin shanu, suka ɗaure shi a turken kasuwa, ana duka da gora da gindin bindiga. Suka kunna wayar, sai ga ƙarti suna gudu, ana ihu da Turanci. Wani ya ce ai sojojin haya ne na ƙasar waje ke atisaye. Wallahi da ba jini nake gani ba da na faɗi don dariya.

Na kutsa na ce, "Harisu, kai da na goya, faɗa masu mene ne wannan!" Ya dube ni da jan ido ya ce, "Iya, ubana na binne yanzu. Ki koma gida."

Sun ce sai manyansu sun zo daga Faskari za a yanke. Kai ka ba shi wayar, kai ka san abin da ke ciki. Ka taho ka faɗa da bakinka.

Kakarka

*

Zariya

Iya,

Ina gaishe ki. Na je tasha har na zauna a mota, sai aka ce an tare hanya jiya an kwashe fasinjoji. Na sauka. Ba zan yi miki ƙarya ba, tsoro ne. Kuma in na ce ni na ba shi wayar, ba turke ɗaya za su haɗa mu ba? Ki gafarce ni. Ina ta addu'a.

Abdulgafar

*

Daga gida

Zuwa ga dogon banza,

Bayan gaisuwa, don dole ce. Tsawon nan naka ashe na tsinko mangwaro ne. To zauna, ba ka da sauran amfani nan.

Ba su jira kowa ba. Da la'asar samari suka zo da wuƙa. Sai Harisu ya ture su ya ce, "Ubana aka kashe, nawa ne." Ya kwance shi, ya ɗora hannunshi na dama bisa turmi, ya ɗaga gora. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Ya sake sauke mashi a ƙeya. Mas'udu ya yi sama da baya ya faɗi rigingine, ƙafa na shure-shure, sannan ya yi shiru. Harisu ya tofa mashi miyau ya ce a ja mushe a jefa kwazazzabo, kuma duk wanda ya yi mashi salla shi ma na 'yan daji ne.

Na tsaya tsakiyar kasuwa na tsine wa Harisu. Na kira nonon uwarshi, na kira goyon da na yi mashi. Bai waiwayo ba.

Da gari ya waye na ɗauki tabarma da farin zane. Masu gadi suka tare ni, na ce, "Ku harbe ni in huta da ciwon gwiwa. Ɗan Musulmi ba zai kwana biyu karnuka na ja ba." Suka kauce, wani har da "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya." Malam Sha'ibu ya biyo ni da mota a kan za mu kai gawa ga danginshi a Sabuwa, tun da rugar ta watse. Na durƙusa ina rufa mashi zane ina salati, sai gawa ta yi mani tari. Na ce, "Kai, ɗan nema, mutu sosai, ana kallonmu!" Ya koma ya mutu. Na ɗora kuka har da birgima, wanda ko kakanka bai samu irinshi ba.

Yana ƙarƙashin buhunan masara. In wannan takarda ta iso hannunka, to yana ƙofar shagonka. Ko nan ma sai ka ga an tare hanya?

Barakatu

*

Zariya

Iya,

Gaisuwa da ban-girma. Ya iso da rai. Likita ya ce kan zai warke, amma an cire yatsu biyu, hannun ba zai sake riƙe ƙwallo ba. Bai zarge ni ba, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Ga abin da ya ce in faɗa miki, ki karanta ki sa a murhu. 'Yan wasan nan suna da wata dabara: in an ɗan taɓa mutum sai ya yi sama da baya ya zube kamar an kashe shi, don alƙalin wasa ya hura. Mun sha gwada ta a kan yashi, Harisu ne ya koya mana. Lokacin da Harisu ya sunkuya yana kwance igiyar, ya ce masa a kunne, "Hannun zan karya da gaske. Ta biyu ba ƙarfi. Ka yi faɗuwar wasa, kada ka tashi." Ya hana a yi masa salla ne don kada kowa ya taɓa jikin ya ji ɗumi.

Iya, in suka gane, Harisu ne a turke, Mas'udu kuma za su biyo shi har nan. Kada ki sakar wa Harisu fuska a gaban mutane.

Jikanki,
Abdulgafar

*

Daga gida

Maigida,

Sallama. Na karanta, na dafa shayi da ita.

Yau na iske Harisu bakin famfo cikin mutane. Na aje bokiti na gyara ɗaurin zane, na zage shi tas, ban bar ko kakanshi ba, har mata na riƙe ni. Ya sadda kai, ya ɗauki bokitina ya cika, ya aje mani a ƙofa ya wuce. Ya rame ƙwarai. Matan gidansu har yau suna daji.

Na shiga ɗaki na yi mashi addu'a har muryata ta dushe. Gobe Juma'a, zan tare shi a ƙofar masallaci in ƙara mashi.

Ka gaida mamacin. Ka ce ya ci abinci.

Kakarka,
Hajiya Barakatu