Kajin Daji Tara

Litinin, 6 ga Maris

Lanying: 9,214. Ni: 871.

Tun kafin in wanke fuska na buɗe shafin da ke ƙirga mana ambato. Cikin kwana uku, mutum talatin da ɗaya sun ambaci maƙalunta a nasu binciken. Ni mutum ɗaya. Da na duba, ita ma ɗalibarta ce.

Matata ce fa. Na rubuta don in tuna wa kaina.

Laraba, 8 ga Maris

Baƙi sun zo cibiyarmu daga arewa. Farfesa Cun, shugaban sashenmu, ya tsayar da ni a baranda ya ce musu, “Wannan Malam Duan ne, mai maƙalar kajin daji ɗin nan ta 2012.” Suka gyaɗa kai cikin ladabi, suna leƙa bayana, suna neman ofishin Malama Pu, wato Lanying. Ni na nuna musu ƙofar.

Shekara goma sha ɗaya, maƙala ɗaya. Cikin 871 ɗin nan, ita kaɗai ta kawo 412. Na ɗebo jinin kajin daji ashirin da shida daga dazuzzukan kudu, bakin iyaka, na gwada da na kajin ƙauye, na ce kusancinsu ya nuna a nan aka fara mayar da kaza ta gida. Shi ke nan abin da duniya ta sani game da ni.

Ni na koya wa Lanying yadda ake ɗibar jini a fiffiken kaza ba tare da an fasa jijiya ba. Lokacin ba ta gwane ba tukuna. Yaya Duan take ce mini. Yanzu Lao Duan take cewa, wato tsoho Duan.

Asabar, 11 ga Maris

Mun je cin taliyar shinkafa a shagon bakin titi da safe. Sai da ta ga na kai rabin kwano sannan ta ce, “Lao Duan, jinin kajinka da ke firiza, na sake karanta shi. Duk ƙwayoyin gadon wannan karon, ba ɓangaren uwa kawai ba.”

Na ce wa ya ba ta izini.

“Kai. Bara. Kana kallon ƙwallo ka ce in ɗauki duk abin da nake so.”

Wai tara daga ciki suna da jinin kazar gida. Kuma ba na dauri ba, na jiya jiya: kakarsu ko uwarsu ma a tsakar gidan wani ta yi kiwo. Tana so ta ga littafin da na rubuta inda aka kama kowacce, kafin ta ce komai.

Na ce ya ɓace lokacin da muka tashi daga tsohon gida.

Ta dube ni. Ta ƙara barkono a kwanonta.

Lahadi, 12 ga Maris

Bai ɓace ba. Yana cikin kwalin takalmi a saman kabad.

Ba na buƙatar buɗe shi. Damina ce, sati uku muna ɗana tarko, sha bakwai kawai muka kama, malamina kuma ya ce kada in dawo Kunming da ƙasa da ashirin da biyar. Sai aka kai ni gidan wani maharbi, Ai Han. Yana da tara a kejin gora a bayan gida. Ya rantse daga daji ya kamo su. Kajin matarsa kuwa suna ta zagaya kejin. A littafin na rubuta: a keji, bayan gida, ban tabbata ba. A maƙalar na rubuta: duka daga daji.

Ana cewa kaza mai tone-tone ita ke tono wuƙar yanka ta. A gidan nan ita ke tono, ni za a yanka.

Alhamis, 23 ga Maris

9,340. 873.

Laraba, 29 ga Maris

Cun ya tuna mini a watan Yuni kwamiti zai zauna kan neman muƙamin farfesa. Karona na uku ke nan. Ya dafa kafaɗata: “Ka sa maƙalar kajin a sama. Kuma ka roƙi uwargida ta ɗan ɗora sunanka a tata mai fitowa mana, ai ba a kwana da yunwa a gidan mai tuwo.” Ya yi dariya. Ni ma na yi. Haƙorana har ciwo suka yi.

Laraba, 5 ga Afrilu

Ranar sharar kaburbura. Mun hau dutse wajen kabarin Baba, ni da Lanying da Mama. Na cire ciyawa, na zuba masa giya, Mama ta jera lemo da dafaffiyar kaza, ta zauna ba shi labarin shekara kamar yadda ta saba.

“Tsoho, surukarka ta fito a jarida, da hoto. An gayyace ta ƙasar waje sau biyu. Ɗanka kuma lafiyarsa ƙalau, ya ƙara ƙiba.”

Lanying ta ce, “Haba Mama.”

“Ƙarya na yi? Ku biyu kun tsufa a kan kaza, ba wanda ya iya dafa ta.”

Da muka sauko ni na riƙe hannun Mama. 

Alhamis, 13 ga Afrilu

Wasu masu bincike a Turai sun sanar cewa suna gab da fitar da aiki irin nata. Lanying ba ta cin abinci. Ta bar shayinta ya huce sau uku yau, na ƙirga.

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa: da ta faɗa mini, wani sanyi ya ratsa ƙirjina. Daɗi. Bai daɗe ba, amma ya zo. Idan suka riga ta, lambar za ta ɗan tsaya, ko na shekara ɗaya ne in huta.

Wane irin miji ne wannan.

Talata, 18 ga Afrilu

Na dawo gida da rana ɗaukar mabuɗin ofis, na tarar da daftarin maƙalarta a kan teburin cin abinci. Ban karanta ba. Na dai bi shafukan ina neman sunana, kamar kullum.

Sashen kajina tara babu shi. Ta cire. Inda yake a da, ta ja layi da jan biro ta rubuta: a bari. Ko ni da ban karanta ba na san wannan sashen ne ƙashin bayan aikin, in babu shi masu tantancewa za su yi kaca-kaca da ita.

Na zauna a kujera. Na yi zaton zan ji sauƙi. Abin da na ji haushi ne. Ambato ta fi ni, suna ta fi ni, yanzu har kirki ma sai ta fi ni?

Laraba, 19 ga Afrilu

Na shiga ofishinta na rufe ƙofa.

Na ce ba na son sadaka. Ta mayar da sashenta, ni ba yaro ba ne da za a rufa wa asiri.

“Da me zan mayar? Littafin ai ya ɓace.”

Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni.

“Lao Duan, ni na ɗora kwalin takalmin nan a saman kabad ranar da muka tare. Kai kana ƙasa kana faɗa da masu ɗaukar kaya.”

Na tambaye ta ko ta buɗe.

“Ban buɗe ba. Naka ne.”

Daga nan na faɗi abubuwan da ba zan rubuta ba. Cewa da samfurina ta hau. Cewa ba don ni ba da har yanzu tana fasa jijiyar kaza. Ta bar ni na gama. Muryarta ba ta tashi ba, shi ya fi ciwo.

“Kowace safiya ina jin ka kana buɗe shafin nan. Ka fi ni sanin lambata. To faɗa mini abin da ke cikin maƙalata guda ɗaya. Guda ɗaya tak.”

Na buɗe baki. Sunayen mujallu na sani, da shekaru, da yawan ambaton kowacce.

Ta ce tana da aji ƙarfe biyu.

Asabar, 22 ga Afrilu

Ba ma magana. Mama ta lura, ta ƙi tambaya, sai ajiye kwanuka take da ƙarfi.

Litinin, 24 ga Afrilu

Na hau kujera na sauko da littafin. Takardun sun yi rawaya, akwai ɗigon jini a shafi na arba'in, da gashin kaza ɗaya da ban san ya aka yi ya shiga ba. Rubutuna na lokacin ƙanana ne, a tsare. Wanda ya rubuta ban tabbata ba ɗin nan shekararsa ashirin da tara, kuma ya fi ni gaskiya.

Na ajiye mata a kan teburinta, ban sa takarda ba. Da yamma ta turo saƙo: “Na gani. Ka sayo tafarnuwa.”

Juma'a, 28 ga Afrilu

Na rubuta wa mujallar da ta buga maƙalar kajina wasiƙar gyara. Sakin layi uku, sun ci mini kwana huɗu. Na kai wa Cun kwafi tare da takardar janye neman muƙamin.

Ya karanta a tsaye. “Ka haukace? Wa ya tambaye ka? Ka bari Yuni ta wuce mana!”

Na ce Lanying za ta tura maƙalarta kafin Yuni.

Ya cire tabarau ya goge ya mayar. “Kai ka sani.” Wannan karon bai dafa kafaɗata ba. A ɗakin cin abinci, teburin da na zauna ya yi saurin watsewa. Ko dai ni ne na ga haka.

Alhamis, 4 ga Mayu

Gobe za ta tura. Ta bar mini daftarin ƙarshe wai in duba mata lambobin samfurina kawai, kada a samu kuskure. Aikin minti goma.

Na fara daga shafin farko don in gane inda lambobin suka shiga, ba don komai ba. Shafi ashirin da biyu ne. A na bakwai ta yi wata dabara ta rarrabe tsohon jini da sabo, wadda ban taɓa ganin irinta ba, kuma mai sauƙi ce har abin ya ba ni haushi. Na ce “kai!” da ƙarfi ni kaɗai a ofis. Kajin Ai Han suna nan su tara, kowacce da lambarta, an faɗi daga inda suka fito. Ban zaci za su yi amfani haka ba.

Na sami kuskure ɗaya. A hoto na uku ta juya sunayen koguna biyu. Na kai mata ina tafe kamar wanda ya kamo damisa. Ta duba, ta dafe goshi.

“Ka karanta har hoto na uku?”

Na ce lambobi nake nema.

“Lambobinka a shafi na sha tara suke, Yaya Duan.”

Na ce ta gyara kogunanta, na fito.

Ba wai ta burge ni ba ne. Akwai dai wani abu a shafi na bakwai da ban gama ganewa ba, shi ya sa na taho da kwafin gida. Maƙalarta ta 2019 ma na buga ta a takarda, tunda a can ta fara dabarar. Doguwa ce. Zan fara bayan cin abinci.