Ƙas ɗin da Ba na Sifana Ba

Litinin, 17 ga Mayu, 1999
Yau na yi wa Baba Ƙasimu, mai garejinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, tsiya. Yana ɗaure notunan kan injin bas ɗin Ɗan'azumi da tsohuwar sifanarsa ta awo, wadda ke cewa ƙas idan noti ya kai ƙarfin da aka sa mata. Na laɓe bayansa, yana ja sai na yi ƙas da harshe. Ya tsaya, ya koma na gaba. Noti huɗu! Sha'aibu, abokin aikina, ya shige ƙarƙashin mota yana dariya har da hawaye. Niyyata in Baba ya tafi Azahar in ƙarasa ɗaure su. Sai ga Indo mai fura, na tsaya tsokanarta.

Laraba, 19 ga Mayu
Sai yanzu na tuna da notunan. Motar ta fita tun jiya.

Asabar, 22 ga Mayu
Da igiya aka jawo ta daga hanyar Zariya. Gaskit, shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan inji, ya ƙone, ruwa ya cakuɗe da baƙin mai. Ɗan'azumi yana ta kumfar baki, wai an riga an yi shatar motar za ta kai mutane wajen rantsar da gwamna ran Asabar mai zuwa. "Baba, in tsufa ne ka faɗa mana, mu kai wani wurin!" A gaban kowa. Baba ya sa sifana a notunan, huɗu suka juya kamar murfin kwalba.

Sha'aibu ya raɗa mini: "Ni fa ina ƙarƙashin mota, ban ga komai ba."

Litinin, 24 ga Mayu
Baba ya ce a gwada sifanar. Duk shekara dama yana yi, mu kuma mu yi ta yi masa dariya. Ya matse kanta a bais, abin riƙe ƙarfe na kan tebur, mariƙin ya miƙe a kwance, ya juya ta zuwa sittin da biyar. Akwai wata tsaga da ya yi da zarto a mariƙin tun kafin a haife ni, nan ya rataya jarkar lita ashirin da igiya. In tana nan daidai, sai ruwa ya kai wuyan jarka za ta yi ƙas. In ta gaji, za ta yi tun kafin nan.

Ni ya sa zuba ruwan. Allah ya yafe mini, ina zubawa ina addu'a ta yi ƙarya. Rabin jarka, shiru. Kafaɗa, shiru. Har na so in ɗan danna igiyar da gwiwar hannu. Ruwa na kai wuya, ƙas. Sau uku muka yi, sau uku a wuya.

Ya daɗe yana shafa ta. Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. To ni ne. Na ji a kunne, ban ji a hannu ba, na bi kunne. Mai jin abin da babu ba ya taɓa injin da ke ɗaukar rayuka." Ya sassauta ta, ya naɗe a tsummanta, ya miƙa wa Sha'aibu.

Alhamis, 27 ga Mayu
Kwana uku yana kan benci da carbi. Ko taya bai taɓa ba. Inna Talatu, matarsa, ta tare ni da na kai kwanuka gida Darmanawa: "Shamsu, me ya sami Babanku? Tuwo ya ƙi ci, wai a kai shi asibiti a duba masa kunne." Na ce ban sani ba, Inna. Har ta ƙara mini nama.

Gara da ba mai iya karanta ajamina a garejin nan.

Asabar, 29 ga Mayu
Soja sun miƙa mulki. Kowa ya tafi kallo, 'yan acaba sai oda suke. Bas ɗin Ɗan'azumi na nan a buɗe, shata ta wuce shi. Daga ni sai Baba da rediyonsa. Na shirya magana tun asuba, da na tsaya gabansa duk ta gudu. Sai kawai na yi ƙas.

Ya waiwaya wajen akwatin Sha'aibu, inda sifanar take. A kulle. Ya dawo da ido kaina.
"Sake."
Na sake.
"Nawa?"
"Huɗu, Baba."

Ya tashi ya ɗauki buta ya yi alwala, alhali ko walaha ba ta wuce ba. Da ma marina ya yi.

Talata, 1 ga Yuni
Baba ya sa na je Tarauni da ƙafata na faɗa wa Ɗan'azumi. Marin da ya yi mini, kunnena na hagu har yanzu zafi yake. Da yamma Ɗan'azumin ya zo ya tsuguna gaban Baba, ban ji abin da suka ce ba. Baba ya karɓi sifanarsa. Sabuwar doka: duk lokacin da zai ɗaure inji, in cika bakina da ruwan buta in tsaya inda yake ganina. Sha'aibu ya sa mini suna Kwaɗo. Har yanzu Baba bai kira sunana ba, sai "kai".

Litinin, 7 ga Yuni
An kawo wani inji. Baba ya manta da zancen ruwa. Yana kwance tsumman sifana na ga kumatuna a cike, ban san lokacin da na ɗauki butar ba. Ya dube ni, ya ci gaba da aiki. A noti na ƙarshe ya matsa gefe: "Shamsu, zo ka ja. Da hannu ake ji."

Ana ji kuwa. Har cikin gwiwar hannu.

Ruwan dai ƙishirwa ce ta sa. Mantawa na yi ban haɗiye ba sai da aka gama.