Neman Gidan Kováč

Gaya, 14 ga Janairu

Zuwa ga Yayana, Malam Maiwada, Toranke.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, kai da Yaya Hure da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Hafizu, Ya haskaka makwancinsa.

Yaya, saƙonka ya iso cewa in zo ranar Asabar a raba gonar Hafizu tsakanina da kai. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, don ka san halina, da ka ɗaga murya sai maganata ta maƙale.

Ba mu kaɗai ne magadan ƙaninmu ba. Kwana ɗaya kafin ya cika, ka fita sallar azahar a asibiti, sai ya riƙe hannuna ya ce yana da 'ya. Lokacin da yake karatun likitan dabbobi a ƙasar Slovakiya ya auri wata mata, limami ne ya ɗaura, da shaidu. Suka haifi 'ya mace, ya raɗa mata Afra'u. Zama bai yi daɗi ba, suka rabu, ya dawo gida, kunya ta hana shi faɗa mana. Yanzu za ta kai shekara sha ɗaya. Uwar sunanta Mariya Kováčová. Na ba shi biro ya rubuta min da hannunsa a bayan katin magani. Wayarsa ka san yadda ta farfashe a haɗarin da ya yi ajalinsa, babu abin da aka tsira da shi a ciki.

Na je wurin Malam na yi tambaya ba tare da na kama suna ba. Ya ce rabi nata ne, saura namu. Don haka ba zan zo ranar Asabar ba, Yaya, ka yi min afuwa. Zan nemo ta, kuma da yardar Allah zan same ta.

Ƙanwarka mai girmama ka,
Halima Sadiya

*

Toranke, 17 ga Janairu

Sadiya,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya.

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun a zaune. Mutumin da aka ɗura wa allurai yana cikin zafin ciwo, shi ne za ki kafa hujja da maganarsa? Shekara tara yana cin tuwo a gidana, ko da wasa bai taɓa cewa yana da 'ya ba. Sai ke, da na juya baya na minti goma.

Ban ce kina ƙarya ba. Tun kina allo ban taɓa jin kin yi ba. Amma gona ba ta jiran mutum. Taki yana jibge a bakinta tun kaka, ban san a rabon wa zan zuba ba.

Ga iyakata. In ruwan shuka ya sauka ba ki kawo min yarinya ko takardar ɗaurin aure ba, zan kira dagaci da malamai a raba tsakanina da ke, ko kin zo ko ba ki zo ba. Ba zan bar gona ta zama saura ba saboda sunan da ko Hure, da duk surutunta, ta kasa furtawa.

Wassalam.
Maiwada

*

Gaya, 20 ga Janairu

Aminiyata Lauratu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ya aiki, ya sanyin Vienna, ya marasa lafiyarku? Na rubuta da hannu zan ɗauka a hoto in turo, don ni da latsa waya sai a hankali.

Kin san Hafizu, ke kika goya shi ranar da muka je cin kasuwar Gafasa ya ƙi tafiya. To, ya bar 'ya a Slovakiya, kuma Yaya Maiwada ya ba ni zuwa ruwan shuka in nemo ta, in ba haka ba rabonta na gona ya tafi. Na duba taswira a makarantar Islamiyyarmu, na ga ƙasar tana maƙwabtaka da ku, kamar Gaya da Ajingi.

Aikin ba shi da yawa. Ga sunan gidansu nan a katin da na ɗauko miki: Kováčová, uwar kuma Mariya. Ran da ba ki da aiki ki shiga mota ki je, ki sami dattijo a bakin kasuwa ki ce a nuna miki gidan su Kováčová. Suna irin wannan ba zai ɓuya ba. In kin je ki fara gaishe da manyan gidan kafin ki ambaci komai, kuma kada ki je hannu sake.

Allah Ya saka miki da alheri.
Taki har kullum,
Halima Sadiya

*

Vienna, 9 ga Fabrairu

Malama Sadiya ta gidan Liman,

Wa alaikis salam. Wallahi kin sa ni dariya a wurin aiki har wata tsohuwa ta danna ƙararrawa ta ɗauka shaƙewa na yi.

Ba sai na shiga mota ba. A ɓangarenmu kaɗai akwai 'yan Slovakiya huɗu, kullum suke tsallako iyaka su yi aiki su koma. Na nuna wa ɗaya daga cikinsu katin, ta kalle ni ta ɗaga bajon da ke ƙirjinta. Kováčová! Na ce alhamdu lillahi, ke ce Mariya? Ta ce a'a, amma surukarta Mariya ce, da ƙanwar mijinta, da wadda ta koya mata lissafi a firamare.

Ga yadda abin yake, ki zauna da kyau. Su ba sa kiran mutum da sunan ubansa ko na garinsu kamar mu. Suna ɗaya ne gida yake ɗauka, kaka ya ba ɗa, ɗa ya ba jika. Namiji Kováč, a baki kamar ki ce Kobac, mace kuma Kováčová. Ma'anarsa maƙeri. A da kowane ƙauye da maƙerinsa, ana ce masa maƙeri kawai, kamar yadda muke yi. Fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce sarkin zamanin ya sa doka kowane gida ya tsaya a kan suna guda, sai laƙabin ya manne wa zuriyar kowane maƙeri a kowane ƙauye, alhali ba su haɗa jini ba. Yau yana cikin sunaye mafiya yawa a ƙasar, dubun dubata ne, har da ƙasashen da ke kewaye. Akwai likita, akwai direba, akwai ɓarawo. Yawancinsu ba su taɓa riƙe guduma ba.

Wato kin aike ni Kano ne in tambayi gidan su Maƙeri.

Na gwada duk da haka. Na tura wa Mariya Kováčová talatin da ɗaya saƙo a intanet. Shida sun amsa, biyu sun zage ni, ɗaya tana son ta sayar min da zuma. Sunayen yara kuwa hukuma ba ta ba baƙo.

Ƙawata, ki yi haƙuri. Kin yi iya yinki, Allah Ya gani. Ki bar Yaya ya raba.

Taki,
Lauratu

*

Gaya, 6 ga Maris, shida ga azumi

Aminiyata Lauratu,

Assalamu alaikum. Ya ibada? An ce azuminku bana bai yi tsawo ba, Allah Ya karɓa mana.

Na ji kunyar aiken da na yi miki, na kuma gode da ba ki ɓoye min dariyarki ba. Yaya Maiwada ma ya ji labari, ya aiko a tambaye ni ko ya tanadi tabarmi dubu nawa na surukai.

Amma ban yarda na yi iya yina ba. Na yi ta juya maganarki, inda kika ce yawancinsu ba su taɓa riƙe guduma ba. To ai wannan sauƙi ne. In masu sunan suna da yawa, masu sana'ar kaɗan ne.

Abin da ya sa na faɗi haka, da na buɗe akwatin Hafizu don in raba tufafinsa sadaka, na tarar da wata wuƙa mai lanƙwasasshen baki, irin ta gyaran kofaton shanu, a naɗe cikin ƙyalle. Na kai wa Baba Datti a rumfar maƙera ta kasuwarmu. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina ma. Ya ce, "Hajiya, wannan ba inji ba ne, hannu ne, kuma ba hannun ƙasar nan ba. Tsoho ne ya yi ta, bahago, kuma ba don sayarwa ya yi ba, dubi yadda ya ɓata lokaci a ƙota." Ya nuna min wani ɗan tambari a gindin ƙarfen, haruffa biyu da hoton tsuntsu. Na ce Baba, a ƙasar da ban sani ba ta yaya zan sami mai wannan? Ya ce, "Ki daina tambayar mutanen gari. Maƙeri za ki tambaya. Ni in aka kawo min lauje daga Ajingi ko Wudil, kafin a ajiye na faɗi wanda ya ƙera."

Wa zai zauna ya yi wa ɗalibi baƙo wuƙar aikinsa da wannan kulawa in ba surukinsa ba? Ga hotuna huɗu. Ki bar Mariyoyin nan su huta. Ki roƙi abokiyar aikinki ta nemo miki inda maƙeran ƙasar suke haɗuwa, ko da a waya ne. Ina da yaƙinin za su san hannun ɗan'uwansu.

Taki,
Halima Sadiya

*

Vienna, 27 ga Afrilu

Sadiya!

Salamu alaikum, ki yi sujada tukuna sannan ki ƙarasa karantawa.

Suna da zaure a intanet, maƙeran. Abokiyar aikina ta sa hotunan, kwana tara shiru. Ran na goma wani ya rubuto: wannan tsuntsun na tsoho Kováč ne, bahagon nan na wani ƙauye kusa da Košice. Ki gaya wa Baba Datti ina gaishe shi da hannu biyu.

Jiya na dawo daga ƙauyen. Awa shida a jirgin ƙasa, na kai musu dabino da turare, kada ki ce na je hannu sake. Tsohon yana nan, shi ne baban Mariya, ya daina aiki. Da ya ga hoton wuƙar sai ya fita waje ya daɗe. Ba su san Hafizu ya rasu ba. Sun ga saƙonninsa sun yanke, Mariya ta ɗauka ya yi aure ne ya manta da su. Ni na faɗa musu, Sadiya. Ban taɓa aiki mai nauyin wannan ba.

Na ga Afra'u. Goshin gidanku ne sak, da wannan kallon naki na ƙasa-ƙasa. A makaranta Afra Kováčová take, don sunan uwar aka rubuta mata. Ta iya Fatiha, uban ya koya mata ta waya, ta kuma iya cewa "sannu da aiki". Ta tambaye ni ko gonar babanta akwai bishiya.

Ga hoton takardar ɗaurin aure, da sa hannun limami da shaidu biyu. Sai dai Mariya ta ce in gode muku, ba sa bukatar gona, 'yan'uwansa su riƙe. Da zuciya ɗaya ta faɗa. To kin ga an huta, kowa ya samu.

Taki,
Lauratu

*

Gaya, 2 ga Mayu

Zuwa ga Yayana, Malam Maiwada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina gaida Yaya Hure.

Ga takardar aure na sa an wanko, ga hoton yarinyar. Ka dube ta da kyau kafin ka ci gaba.

Akwai abin da zan iya ɓoye maka, amma ba zan ɓoye ba. Uwar ta ce sun yafe gonar. Na san za ka ce shi ke nan. Ba shi ke nan ba ne, Yaya. Gonar ba ta uwar ba ce balle ta yafe. Ta marainiya ce, kuma marainiya ba ta kyauta sai ta mallaki hankalinta. In ta girma ta ce ta bar mana, mu karɓa mu gode. Kafin nan amana ce, kuma kai ne baffanta, a wuyanka take kafin nawa.

Na ji an ce ka ce ashe ma jikar maƙera ce. Haka ne. Kakanta na can ya ƙera wa ƙaninmu wuƙar da ya ci abinci da ita shekara tara, ya karɓe shi lokacin da ba shi da kowa a ƙasar. Ta wajen uba kuma jikar Liman ce, kamar 'ya'yanka.

Abin da nake roƙo, a auna a kafa iyaka, a rubuta rabinta a gaban dagaci. Ka noma mata, ka ɗauki ladan wahalarka kamar yadda malamai za su yanke. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, na cika alƙawarina kafin ya sauka. Ranar da ka sa, zan zo da sassafe.

Ƙanwarka mai girmama ka,
Halima Sadiya

*

Toranke, 19 ga Mayu

Sadiya,

Wa alaikumus salam.

Ba sai kin zo ba, an auna shekaranjiya. Dagaci da malamai biyu da ni. Na ba ta ɓangaren gabas, ya fi riƙe ruwa. An rubuta Afra'u Hafizu Toranke, a ƙasa kuma ɗaya sunan, harafi-harafi na karanto wa magatakarda, ya yi gumi.

Hure ta ɗauke hoton ta ƙi dawo min da shi. Ki sa a wanko wani.

An yi ruwa jiya, ƙasa ta jiƙu. Ki sa Lauratu ta tambayi yarinyar yau ɗin nan, gero take so ko gyaɗa. Jibi zan yi shuka.

Baffan Afra'u,
Maiwada