Jirgin Baba a Hoton Wani Bajamushe

Yaya Vinka,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jikin Baba, ƙafar ta yi sauƙi? Ya Dinko da yara? Man zaitun da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri.

Ni lafiyata lau a Hamburg. Aikin ba wuya, tsayuwa ce kawai a ɗakin sanyi muna yanka kifi. Yatsuna kan ƙage da safe, amma kowa ma haka yake fama.

Jiya Uwe, wani Bajamushe abokin aikina, ya nuna mini hotunan hutunsa. Ashe tsibirinmu ya je. Ya ce tunda aka hana kamun kifi a yankin, tekun ya cika maƙil da kifi. Gaskiyarsa ce, ko muna yara ban ga kifi haka ba. A hoto na uku sai ga jirgin kamun kifin Baba da muka sayar. An shafa masa farin fenti, an jera wa 'yan yawon buɗe ido kujeru a inda muke ajiye taru.

Uwe ya ce, "Kai Jerko, anya kana da hankali? Me ya fito da kai daga wannan aljanna?"

Na ce, "Kifaye ne suka karɓe garin."

Ya yi dariya, na taya shi.

Kada ki yi wa Baba zancen kujerun. In ya sake tambayar yaushe zan dawo, ki ce da bazara. Ba ya tambayar wace shekara, ke ma kada ki faɗa.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Jerko